Ƙaramar bindigar soja ta gwanjo: asalinta, dokar Ghana a kanta da yadda ake kula da ita

Ƙaramar bindigar soja ta gwanjo ita ce fistol ko libarba wadda sojojin wata ƙasa ko polisinta suka yi aiki da ita shekara da shekaru, daga baya da suka koma sabon samfuri sai aka kwaso tsofaffin daga sito aka sayar wa dillalai, su kuma dillalan suka sayar wa farar hula masu lasisi. Kamar dai kayan hom-yus ɗin da muke saye a Magazin ko Abossey Okai, sai dai wannan hom-yus ɗin yana kisa. A Amurka kasuwa ce babba mai zaman kanta, akwai masu tara su kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki, wani ma bai taɓa harba ko ɗaya daga cikin nasa ba, shafa mai kawai yake yi yana kallo. A nan Ghana kuwa babu wannan kasuwar sam, sojan Ghana ba ya buɗe shago ya sayar wa farar hula tsofaffin makamansa, saboda haka duk wanda ya ja ka gefe a bes ko a tasha ya raɗa maka wai yana da ta soja orijina zai bar maka da araha, to ba bindiga yake sayar maka ba, gado ne a kurkukun Nsawam yake kama maka.

Yadda bindiga ke zama rara

Hanya biyu ce mafi yawa. Ko dai yaƙi ya ƙare a bar tulin makamai babu masu riƙewa, ko kuma runduna ta canja irin harsashin da take amfani da shi sai tsofaffin su zama kwantai. Bayan 1945 haka aka yi, Ingila da Amurka da Rasha duk sun ƙera fiye da abin da suke buƙata, ga kuma wanda suka ƙwace a hannun Jamus da Italiya da Japan. Karo na biyu da kasuwar ta cika ta batse shi ne lokacin da Jamus ta gabas da ta yamma suka haɗe a 1990 sannan Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, ƙasashen gabashin Turai suka shiga sayar da abin da ke sitonsu don suna neman dala kuma da yawansu suna shirin komawa tsarin NATO.

Amurka kanta ta riƙe fistol ɗin M1911 tun 1911 har 1985 kafin ta koma Beretta M9, sannan a 2017 ta sake zaɓar wata ta kamfanin SIG Sauer. Daga 2018 aka fara sayar wa 'yan ƙasar tsofaffin M1911 ɗin ta hannun wata hukuma da ake ce wa CMP a jihar Alabama, da binciken tarihin mai saye da komai, kuma an raba su aji-aji gwargwadon yadda suka sha wahala. Ingila kuwa akasin haka ta yi, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane a 1996 sai ta hana farar hula mallakar kusan duk wata ƙaramar bindiga a 1997, yanzu abin da yawancin masu sha'awa ke ajiyewa can shi ne wadda aka kashe ta, an toshe hancin, wato bututun da harsashi ke fita, an lalata kayan ciki, ado ce kawai ta bango.

Samfuran da aka fi sani

Webley ita ce libarbar Turawan mulkin mallaka, irin wadda ake gani a ƙugun hafsa a tsofaffin hotuna da igiya rataye a wuya. Ingila ta fara ɗaukarta a 1887, samfurin Mark VI kuma ya shigo a 1915 ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. Harsashi shida take ci, mai kauri da ake kira .455, kuma karya ta ake yi a tsakiya kamar an lanƙwasa gwiwa sai kwanson da aka harba su yi tsalle su fito gaba ɗaya. A 1932 aka kawo ƙanwarta Enfield No. 2 mai ƙaramin harsashi .38, ita ce aka fi riƙewa a yaƙin duniya na biyu. Akwai wata ɓarna da dillalan Amurka suka yi wa Webley da yawa, da suka ga harsashinta ya yi wuyar samu sai suka fere bayan silindar, wato gidan harsashin da ke juyawa, don ta karɓi harsashin .45 na M1911, alhali ƙarfin wannan ya wuce abin da aka gina ta a kai, to irin waɗannan su ne ke fashewa a hannun mutum.

Browning Hi-Power ita ce a ganina sarauniyarsu. John Browning ne ya fara zanenta, ya rasu a 1926 bai gama ba, sai Dieudonné Saive na kamfanin FN a Beljiyam ya ƙarasa ta fito a 1935. Gidan harsashinta na ɗaukar 13 a lokacin da sauran ke fama da bakwai ko takwas, kuma abin dariya a yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da ita, Jamusawa sun kama masana'antar a 1940 suka ci gaba da ƙerawa, kamfanin Inglis a Kanada shi ma yana ƙera wa ɗaya ɓangaren. Sojojin ƙasashe fiye da 50 sun riƙe ta, Ingila ba ta ajiye ta ba sai 2013 da ta koma Glock 17. Harsashinta shi ne 9×19 wanda har gobe shi ya fi yawa a duniya, shi ya sa masu tarawa ke sonta.

Daga ɓangaren Rasha akwai Tokarev TT-33, siririya mai harsashi 7.62×25 guda takwas, Sin ta kwaikwaye ta da sunan Type 54, Yugoslabiya kuma ta yi tata M57 mai cin tara. Matsalar Tokarev ta asali ba ta da makunnin tsaro irin na sauran, in aka ɗana ta aka yar da ita tana iya tashi. A 1951 Makarov ta gaje ta, gajeriya mai kayan ciki kaɗan, ba ta cika ba da matsala ba, an ƙera ta a Rasha da Jamus ta gabas da Bulgeriya da Sin. A nan ne mutane ke rikicewa, harsashin Makarov 9×18 ne, na Browning 9×19, duka ana ce musu tara amma na Makarov ya ɗan fi kauri kuma ya fi gajarta, ba a sa wannan a wancan, kamar dai ka ce fetur da gas duk mai ne ka ɗura wa mota wanda ka ga dama.

Sai su Luger P08 da Walther P38 na Jamus, da Beretta M1934 da sojan Italiya ya riƙe a Habasha, da Nambu ta Japan. Wata Nambu ɗin da ake kira Type 94 ta yi ƙaurin suna saboda wani ƙarfe da ke gefenta a waje wanda in aka danna shi tana iya tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Beretta da Nambu ɗin nan su ne suka fi kusa da tarihinmu.

Mu da ita a Zango

Duk ɗan Zango ya san cewa aikin soja a ƙasar nan da Hausa aka fara shi. Glover, wani hafsan Ingila, ya zo da sojojinsa Hausawa daga Legas a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, a 1879 aka kafa rundunar Gold Coast Constabulary daga cikinsu, a 1901 ta zama Gold Coast Regiment, kuma taken rundunar ma da Hausa yake, Kullum Shiri. Hausa ce yaren bariki ko da sojan Frafra ne ko Dagomba ko Mosi. Alhaji Grunshi na wannan runduna shi ake cewa ya fara harbi a ɓangaren sojan Ingila gaba ɗaya a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914. A yaƙi na biyu kakanninmu sun yi gabashin Afirka da Habasha a 1940 da 1941, sannan aka kwashe su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, daga nan Burma Camp ta Ankara ta samo sunanta.

Amma fa abin da mutane ke mantawa, sojan ƙasa baƙar fata doguwar bindiga Lee-Enfield .303 ake ba shi, ƙaramar ta hafsoshi ce, hafsoshin kuma Turawa ne, sai a 1942 Seth Anthony ya zama ɗan ƙasar nan na farko da aka ba muƙamin hafsa. Kenan in ka ji wani na bugun ƙirji wai kakansa gwamnati ta sallame shi da fistol, da wuya, ko dai tsaraba ce ya ɓoyo daga fagen yaƙi cikin bargo, ko kuma ta biyo wata hanya daga baya, musamman shekarun juyin mulki da makamai suka yi ta fita daga bariki babu lissafi.

Wanda ke son ganin irin waɗannan bindigogi da idonsa ba tare da ya shiga uku ba, ya je Kumasi Fort kusa da Adum, gidan da aka sake ginawa a 1897, inda mayaƙan Yaa Asantewaa suka tsare gwamna Hodgson a 1900, tun farkon shekarun 1950 ya zama gidan tarihin soja kuma akwai makaman da aka kwaso daga yaƙin duniya na biyu a ciki. Ni dai yawancin 'yan Aboabo da Asawase da na sani sun wuce ta ƙofar gidan sau ɗari ba su taɓa leƙawa ba. Suame Magazin ma sunan daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawa ya samo asali, can masu sana'ar suka fara zama kafin a mayar da su inda suke yanzu, sunan ya bi su.

Abin da doka ta ce

Dokokin da ake aiki da su tsofaffi ne, akwai dokar makamai da harsasai ta 1962 mai lamba 118, da dokar soja ta 1972 da ake kira NRCD 9 daga zamanin Acheampong, an yi musu gyara a 1996 da 2001. A taƙaice babu wanda zai mallaki bindiga sai da rajista da lasisi, lasisin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya, kuma duk shekara ake sabunta shi. Wannan sabuntawar ita ce inda mutane da yawa ke faɗawa rami, mutum ya yi rajista shekara goma da suka wuce ya jefa takardar cikin akwati yana ganin ya gama, alhali a idon doka yanzu shi da wanda bai taɓa yi ba kusan jirgi ɗaya ne.

Ofishin rajistar bindigogi yana ƙarƙashin CID na polisin Ghana. Bindigar farauta irin su mai hanci ɗaya da mai hanci biyu da fam-akshin polisi ne ke duba takardun, amma fistol da libarba sai da izinin ministan cikin gida, kuma za a binciki tarihinka, shekarunka, lafiyar hankalinka da dalilin da ya sa kake nema. Sayen kuma daga dillali mai lasisi ne kawai. Riƙe bindiga ko harsashi ba bisa ƙa'ida ba yana cikin manyan laifuka na ajin farko a sashe na 192 na dokar laifuka ta 1960, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai, ba maganar a ba wa ofisa na koko a wuce ba ce.

Dalilin da ya sa babu gwanjon makaman soja a nan yana cikin yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai da aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, wadda ta ce makaman da suka yi wa gwamnati yawa ko suka tsufa ko aka ƙwace, tattara su za a yi a lalata. Wato abin da a Amurka ake kai wa kanti, a nan wuta ake kai shi, kuma an sha tara bindigogi a fili a banka musu wuta gaban 'yan jarida. Bayan abin da aka gani a Laberiya da Saliyo da Kwaddibuwa ba wanda zai ce yankin nan bai da hujja. A 2007 aka kafa hukumar kula da ƙananan makamai ta ƙasa da doka mai lamba 736, ita ke bin aikin buga wa makaman jami'an tsaro alama don in an tsinci ɗaya a hannun ɗan fashi ko langad a san daga wane sito ta fito. Wani bincike da aka yi a 2014 ya ƙiyasta akwai bindigogi kusan miliyan 2.3 a hannun farar hula a Ghana, kusan rabi ba rajista.

'Yan uwanmu na Bronx da sauran wurare su ma su ji, don ka saya da halal a can ba ya nufin za ka iya sakawa cikin kwantena ta Tema. Fitar da ita daga Amurka sai da izini, shigo da ita nan ma sai da izini tun kafin ta taso. A 2024 wata kotun Amurka ta kama wani manjon sojansu da laifi saboda bindigogin da ya ɓoye cikin shuɗayen duro ƙarƙashin shinkafa da kayan gida ya turo Ghana, jami'an kwastan na nan suka gano.

Abin da masu saye ke dubawa

Wannan ya shafi wanda ke zaune a ƙasar da kasuwar take halal, ko mai lasisi da ke son sanin darajar abin da ke hannunsa. Farko lamba, a yawancin tsofaffin bindigogin Turai ana buga lamba ɗaya a jiki da hanci da sauran manyan sassa, in duk sun dace to ba a yi mata haɗe-haɗe ba kuma kuɗinta ya fi, in kuwa an goge lambar ko an karce ta to ka ajiye ka kama hanyarka, wannan kayan kotu ne. Kayan gwamnatin Ingila suna da wata alama kamar sawun kaza, idan aka sayar da su a hukumance sai a buga biyu suna fuskantar juna, alamar cewa sun fita daga hannun soja ta ƙofa ba ta taga ba. Waɗanda aka shigar Amurka bayan dokarsu ta bindigogi ta 1968 kuma za ka ga sunan kamfanin da ya shigo da su an buga a jiki.

Sannan a leƙa cikin hancin da tocila, layukan da ke murɗe a ciki su fito raɗau, ba ramuka-ramuka kamar fuskar da ƙyanda ta ci, babu wani zobe mai duhu da ke nuna ya taɓa kumbura. A libarba ana duba ko silinda na tsayawa daidai saitin hanci ba ta girgiɗi, in ta kauce ko kaɗan dalma na fesowa ta gefe. Tsagewa a jiki kuwa ba ta da magani, musamman waɗanda aka yi da alminiyom irin Walther P1. Kuma kar fenti mai sheƙi ya ruɗe ka, sau da yawa an goge tsatsa ne an sake rina ta, gefunan rubutun sai ka ga sun yi laushi kamar sabulun da aka yi wanka da shi. Ko ta yi kyau yaya ba a harba tsohuwar bindiga sai ƙwararren mai gyaran makamai mai izini ya duba, ba fitan mota ba, ba maƙerin bayan layi ba, duk da na san 'yan Magazin in ka ba su hoto jirgin sama ma za su haɗa maka, amma ƙera bindiga babu izinin gwamnati laifi ne a Ghana kuma wanda ya kai aikin shi ma ya shiga ciki.

Tsatsa, babbar abokiyar gaba

Kafin komai a tabbatar babu harsashi a ciki, kuma cire gidan harsashi kaɗai bai isa ba, guda ɗaya na iya zama a gindin hancin yana jira, sai an ja saman baya an leƙa da ido an sa ɗan yatsa. Labarin wai yana goge ta ne ta tashi kusan duk daga nan yake fitowa. Harsasan a kai su wani ɗaki tukun, hancin ya kalli inda babu mutum ko a bayan bango, mu da muke gidan haya ɗaki jingine da ɗaki wannan ba ƙaramar magana ba ce, bulo ɗaya ne tsakaninka da yaran maƙwabci.

Yanayinmu ba ya raga wa ƙarfe. A Ankara iskar teku na ɗauke da gishiri, duk wanda ya zauna Teshie ko Chorkor ya san yadda kwano da ƙofar ƙarfe ke ƙarewa, a Kumasi kuma damina biyu muke yi, ɗaki ya yi ta warin sanyi, takalmi ma fumfuna yake yi. Tsofaffin bindigogin nan ba su da irin rufin zamani, ɗan rini ne baƙi-baƙi mai sirara a jikinsu, gumin hannu kaɗai in ka taɓa ba ka goge ba bayan kwana biyu za ka ga zanen yatsanka da jar tsatsa. Sai hunturu ya zo da ƙurarsa daga Disamba, ita kuma in ta samu mai ya yi yawa sai ta haɗu da shi ta zama kamar kwaɓin siminti tana cin ƙarfe a hankali. Shi ya sa mai kaɗan ake sawa, a ɗiga a tsumma a shafa har sai ya yi ɗan sheƙi kawai, ba a yi mata wanka ba, kuma ba a bari ya shiga ramin allurar da ke dukan harsashi ko ya taɓa harsashin kansa don yana kashe shi.

Man ma ba kowanne ba. Manja, man gyaɗa, man kaɗe, duk na ji an ce ana shafawa, to man girki daskarewa yake ya yi danƙo ya yi tsami, man bindiga ake nema, in babu to man keken ɗinki ya fi su sau goma. WD-40 yana korar ruwa amma ba ya daɗewa a matsayin mai. Sanfefa kuwa haram, ka kankare tsatsar ka kankare darajar tare, ɗan tsatsan sama da mai da buroshin tagulla mai laushi ake lallaɓa shi.

Wadda ta fito daga siton soja sau da yawa tana zuwa cikin wani giris mai kauri ruwan ƙasa da ake kira Cosmoline, wanda aka dumbuza mata don ta yi shekara hamsin ba ta lalace ba. Dole a cire shi tas musamman a ciki, kuma a nan ranarmu ta yi amfani don zafi ke narkar da shi. Sai batun tsohon harsashin soja, musamman na gabashin Turai, ɗan maganin da ke gindinsa in ya tashi yana barin wani gishiri a cikin hancin, gishirin ya ja laima, cikin kwana ɗaya biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ke narkar da shi, saboda haka ana fara wankewa da ruwan zafi a ranar, a busar sosai, sannan a bi da mai. Sandar gogewa ta baya ake shigar da ita in da hali don kar a ci bakin hancin. Sifirin ma suna gajiya kamar na mota, ana canja su. Tsohon harsashi kuma in aka ja kunama bai tashi ba, ba a juyo da ita a leƙa, a bar ta tana kallon gaba kamar rabin minti don wani yana makara, in kuma ƙarar ta fito a raunane ba kamar kullum ba a tsaya nan take, wataƙila dalmar ta maƙale a hanci, na biyu in ya biyo baya shi ne fashewa.

Ajiya a akwatin ƙarfe mai makulli, babu harsashi a ciki, harsasan a wani wuri dabam shi ma a kulle, a jefa irin 'yan ƙullin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi. Ƙarƙashin filo da saman wadrob ba ma'ajiya ba ne, yaran Zango babu lungun ɗakin da ba su sani ba. Kuma ba a barinta cikin kuben fata, fata na riƙe laima.

Wadda aka gada

Wannan ita ce hanyar da yawancinmu za mu taɓa cin karo da irin wannan bindiga. Na ga haka da idona a wani gida a Sawaba bayan addu'ar arba'in ta wani tsoho, ana buɗe akwatinsa na ƙarfe za a yi rabon gado, ƙarƙashin manyan riguna da warin kafur da wasu lambobin yabo da suka yi baƙi sai ga abu a naɗe cikin tsohon rawani. Libarba ce cikin kubenta, fatar ta bushe ta manne da ƙarfen sai da aka ɓamɓare, gefen da ya kwanta a fatar duk ya yi ja ya ɓurme, ga harsashi huɗu cikin gwangwanin sigari sun yi kore shar. Wani saurayi cikin jikokin har ya kai hannu yana cewa Kawu bari in gwada ko tana motsi, dattijon ya buge hannun ya ce ɗana ajiye, abin da ya kwana shekara sittin bai yi magana ba kar ya fara da kai. Sai gardama ta tashi, wasu na cewa a jefa a masai, wasu a binne, wani na lissafin nawa za ta yi in an sayar a raba.

Duk ukun kuskure ne. Lasisi ba ya shiga gado, ko da mamacin yana da takarda ta mutu tare da shi, magajin da ke so sai ya nemi tasa daga farko, kafin nan bindigar na hannun polisi. In babu takarda kuwa hanya ɗaya ce, a sanar da polisi su zo su ɗauka ko su faɗi yadda za a miƙa ta, ba a saka ta a leda a hau trotro da ita ba, don in aka tare ka a shinge labarin kakanka da Bama ba zai fisshe ka ba. Gara a bi ta hannun Sarkin Zango ko liman ko asambuliman na unguwa su zama shaida, a karɓi takardar da ke nuna an miƙa. Gwamnati takan kuma buɗe wa'adin afuwa lokaci-lokaci kamar yadda ta yi a 2016, mutum ya fito da abin da ke hannunsa ba a tuhume shi ba. A gidan can na Sawaba limamin unguwa aka kira, shi ya buga waya, da la'asar ofisoshi biyu suka zo suka rubuta lambar da ƙyar don tsatsa ta cinye rabinta, suka tafi da ita da gwangwanin sigarin, lambobin yabon da rawanin kuma babbar 'yarsa ta ɗauka.